Shirin AWARD na Jan Gorar Mata Masu Binciken Noma: Amfaninsa da Cikasinsa ga Malama a Kebbi

Duk malamar da ke koyar da kimiyyar noma, ko tsirrai, ko kiwon kifi da dabbobi a Aliero, Zuru ko Birnin Kebbi, ya kamata ta san sunan AWARD. Shiri ne mai hedikwata a Nairobi ta ƙasar Kenya. An fara shi a 2008 domin mata 'yan Afirka masu binciken aikin gona, da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates da na hukumar USAID ta Amurka, cibiyar binciken itatuwa ta ICRAF kuma ta ba shi masauki. Najeriya tana cikin ƙasashen da aka fara da su. A wancan lokacin, cikin masu binciken noma huɗu a Afirka da ƙyar ake samun mace ɗaya, kuma da an hau zuwa kujerun shugabanci sai adadin ya ƙara raguwa. Alhali kowa a nan ya san a hannun wa turara shinkafa take, da matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da rabin wahalar sarrafa kifi a Yauri da Argungu.

Akwai abin da ke ruɗa masu nema, gara a kawar da shi tun yanzu. AWARD ba tallafin karatu ba ne. Ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya biyan albashi, ba ya ɗauke malama daga jami'arta ya kai ta Turai yin digiri. Wadda aka zaɓa tana nan a bakin aikinta, tana shiga aji, tana duba takardun jarrabawa. Mai neman wanda zai ɗauki nauyin digirinta na uku, ofishin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da ke makarantarta za ta nufa. Babban shirin AWARD na shekara biyu, a tsarinsa na asali, abu uku yake bayarwa: jagora, horon ƙwarewar kimiyya kamar rubuta maƙala da neman tallafin bincike, sai horon shugabanci. Ana ɗaukar masu digiri na ɗaya, da na biyu, da na uku. Wasu daga cikinsu kan samu damar zuwa babban ɗakin gwaje-gwaje na wasu watanni, amma wannan sai an sake yin takara a kansa.

A ganinmu, jagorancin shi ne abin da ya cancanci wahalar nema. Horon shugabanci yana da kyau, mace kan dawo da ƙarfin gwiwar yin magana a taron sashe, to amma kwas ne na 'yan kwanaki. Jagorancin kuwa shekara guda ake yi ana abu ɗaya.

Yadda abin yake tafiya

Ana haɗa 'yar shiri da babban masani ko masaniya, kuma kafin su fara sai an tara su tare a taron bita na share fage. Wannan mataki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin farfesoshi da yawa sun iya duba kundin ɗalibi amma ba wanda ya taɓa koya musu jan gora. A wurin ne su biyun suke zama su rubuta abin da shirin ke kira taswirar manufa: ina malamar take son kaiwa, wace matsala take son bincikenta ya magance, wace ƙwarewa ce ba ta da ita, me za ta yi a kowane mataki. Daga nan sai haɗuwa sau ɗaya a wata, har shekara ta zagayo.

Amfanin taswirar yana fitowa ne idan aka ɗora ta kan tsanin ƙarin girma na jami'o'inmu. Daga mataimakiyar lakcara zuwa lakcara ta biyu, zuwa ta ɗaya, zuwa babbar lakcara, zuwa mataimakiyar farfesa, zuwa farfesa, galibi sai an yi aƙalla shekara uku a kowane mataki. Ba a cika wuce lakcara ta ɗaya ba sai da digiri na uku, matakai biyu na ƙarshe kuwa sai an aika maƙalolin mutum ga masana na waje sun auna. Malamar da ba ta da mai nuna mata wannan lissafi takan farga ne bayan shekara ukun ta cika, ta tarar maƙalolinta ba su kai ba, ko sun kai amma a mujallun da kwamitin ba ya ƙirgawa. Jagora nagari tun a zaman farko zai ce ta kawo kundin ƙa'idojin ƙarin girma na makarantarta su karanta tare, su ƙirga abin da take da shi da abin da ya rage.

Ɗauki misalin malama mai digiri na biyu da ke son gwada irin shinkafa a fadama. Ga irin abubuwan da zaman wata-wata ke tsare mata. Mujallu masu daraja ba su cika karɓar gwajin gona na kaka ɗaya a wuri ɗaya ba, suna son kaka biyu ko wuri biyu, kowane iri kuma a maimaita shi aƙalla sau uku a filin gwaji. In ta kuskure damina, shekara ta tafi. Sa'armu a Kebbi ita ce noman rani, wanda ke ba da damar kaka biyu cikin shekara guda, amma shi ma da tarkonsa: shinkafa idan ta yi fure zafi ya haura digiri 35, zangarniya kan fito babu ƙwaya sosai, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi na wuce 40. Wadda ta makara da dashe za ta ɗauka irin ne bai da kyau, alhali rana ce ta buge shi. Samfurin ƙasa ana ɗibarsa daga sama zuwa zurfin santimita 20, a shanya a inuwa, a tankaɗe da rariya mai milimita 2, a sa takarda rubutacciya da fensir a cikin leda bayan rubutun waje, domin rubutun alƙalamin maka yana gogewa a hanya. Ganyen da za a yi wa gwajin ƙwayoyin halitta, ya fi aminci a busar da shi cikin ƙwayoyin silika masu shanye danshi maimakon a dogara da firiza, don ɗauke wuta na kwana biyu ya isa ya lalata aikin wata shida. Ba a rubuta waɗannan a manhajar digiri ba. A bakin wanda ya taɓa yin asara ake jin su.

Sannan akwai abin da ya keɓanta ga mace. Idan watan haihuwa zai faɗo kan girbi, tun da wuri ake horar da ma'aikacin gona ko ɗalibi, a ba shi fom mai layi-layi na abin da zai auna da ranar da zai auna, a gwada shi sau biyu a gabanta kafin ta kwanta. Hutun haihuwa haƙƙinta ne, amma shuka ba ta jira. Haka batun suna. Wadda ta wallafa maƙaloli uku da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma wani suna, ko take rubuta sunanta iri biyu iri uku, ta raba aikinta gida biyu a idon masu ƙirga. Lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike ta intanet, kyauta ce, minti goma ya isa a buɗe ta, kuma tana haɗe komai wuri guda.

Batun jerin sunaye a kan maƙala ya fi komai haddasa ɓacin rai, mata kuma su suka fi cutuwa a nan saboda kunyar yin magana. Ita ta je gona, ita ta yini a ɗakin gwaji, ita ta rubuta, ranar da maƙala ta fito sai ta ga sunanta na huɗu. A jami'o'i da dama mai suna na farko ya fi samun maki. Maganin shi ne a yi maganar jerin sunaye kafin a fara aiki, a rubuta ta ko da a saƙon imel ne. Ƙaramar malama ba za ta iya tunkarar manya da wannan ita kaɗai ba, amma idan jagora ya koya mata lafazin da za ta yi amfani da shi, ko ya sa baki, abin kan zo da sauƙi. Jagoran ne kuma zai hana ta faɗawa hannun mujallun bogi, masu turo imel suna alkawarin wallafawa cikin mako guda in an biya. A duba sunan mujalla a rumbunan intanet masu jera mujallun bincike, kamar Scopus, ko DOAJ, ko AJOL, kafin a tura ko sisi.

Inda abin ke lalacewa

Mafi yawan jagorancin da ya mutu, a wurin zaɓen jagora ya mutu. 'Yar shiri tana da ta cewa a zaɓen, kuma kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, ta ambaci mai duba digirinta ko shugaban sashenta. Waɗannan su ne masu sa hannu a takardunta, ta yaya za ta gaya musu cewa darussan da aka jibga mata sun hana ta bincike, ko cewa kundinta ya yi wata biyar a kan tebur ba a duba ba? Jagora ya zama wanda ba shi da iko a kan makinta ko ƙarin girmanta. Na biyu, ta bi suna. Shahararren farfesa mai kwamitoci goma zai amsa da fara'a, sannan a yi wata huɗu ba a same shi ba. Babbar lakcara mai himma da ke wallafawa a yanzu, wadda ke ɗaga waya, ta fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Sai matsalar da ta fi damun yankinmu: manyan mata masana a fannin noma ba su da yawa kusa. Jami'ar jiha da ke Aliero a 2006 aka kafa ta, ta tarayya da ke Birnin Kebbi da ta Gusau a 2013, ta aikin gona da ke Zuru a 2020. Makarantu ne matasa, kuma farfesa ba a shekara biyar ake yin ta ba. Dole a faɗaɗa ido zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru da ta binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya, da cibiyar binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken kifi ta New Bussa ga masu aiki a Yauri. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ma tana da reshe a Birnin Kebbi. Sakkwato za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya, Zariya da Kano kuwa sai an kwana, kuma ba kowace hanya ake bi da yamma ba a halin da ake ciki. Shawararmu: zama uku ko huɗu ido da ido a shekara, sauran ta waya. Kiran murya ya fi bidiyo riƙo idan sabis ya yi rauni. Mutanen Zamfara ba su manta rufe layukan waya na Satumba 2021 ba, don haka a ajiye kwafin komai a kwamfuta da kuma a takarda.

Shirin ya yarda jagora ya zama namiji, kuma maza da dama sun yi wannan aiki da gaskiya. A nan garuruwanmu sai an yi shi da tsari, domin bakin mutane ya isa ya sa mace ta ajiye abin da ta sha wuya ta samu. Zama a ofis, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe. Maigida ya san da shirin tun ranar cike fom, a nuna masa jadawalin shekara gaba ɗaya, in da hali ya gaisa da jagoran. Ba kiran dare. Shugaban sashe ya samu kwafin takardar shirin. Jagoran da ya nuna ba ya son waɗannan sharuɗɗa, ko ya fara maganar da ta fita daga aiki, a sanar da masu shirin a rubuce a nemi canji, ba tare da jan lokaci ba.

Wani cikas ɗin daga tarbiyyarmu yake fitowa, kuma tarbiyya ce mai kyau da aka sa a inda ba nan ne wurinta ba. Malama ta shiga ofis, "Ranka ya daɗe, ina wuni, ya iyali," farfesa ya ɗauki magana ya yi sa'a guda yana ba da tarihin karatunsa, ita kuma kanta a ƙasa tana "Haka ne, ranka ya daɗe." An tashi ba a taɓa taswira ba. Girmamawa ba ta hana tsari. Ita ce za ta riƙa tura batutuwa uku kacal kwana uku kafin zama, tare da rubutun da take son a duba. Zaman kada ya wuce sa'a ɗaya da rabi. Bayan an tashi, kafin ta kwanta, ta tura layi biyar: abin da aka yanke, wa zai yi me, zuwa yaushe, ranar zama na gaba. In ranar gaba ba ta shiga kalanda a wurin ba, to sai an ga juna a wani ɗaurin aure.

Abin da shirin kansa ya gaza

Na farko, ƙofarsa ƙunci gare ta. Fannin noma da abin da ya jiɓance shi kawai yake ɗauka, guraben kaɗan ne, masu nema daga ƙasashe da yawa. Na biyu, ba kowace shekara ake buɗe shi da siffa ɗaya ba, ya danganta da masu ba da kuɗi. Daga 2019 ya gudanar da wani reshe mai suna One Planet kan sauyin yanayi, wanda ya haɗa maza da mata. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rufe USAID, ɗaya daga cikin tsofaffin masu tallafa masa. Don haka kada malama ta jingine rayuwar aikinta tana jiran sanarwa. Na uku, komai da Turanci ko Faransanci ake yi, fom ma ta intanet ake cikewa, kuma irin wannan takara tana fifita wadda ta riga ta saba da rubuta takardun neman tallafi. Malamar da ke Ibadan kusa da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana da masu duba mata fom a ƙofar ofis, ta Zuru kuwa sau da yawa ita kaɗai ce. Wannan gibi na gaske ne, kuma muna ganin ya kamata shirin da reshen tsofaffin 'yan shirinsa na Najeriya, NiWARD, su riƙa kawo bitar cike fom Arewa maso Yamma.

Kafin hakan ta samu, ga abin da ke raba fom mai ƙarfi da mai rauni. Mai rauni yana cewa yana son taimaka wa mata manoma a Afirka. Mai ƙarfi yana kama matsala ɗaya da wuri ɗaya: ruɓewar albasa a ajiya a Aliero, ko gubar afalatokzin a gyaɗar da mata ke sarrafawa, ko gubar dalma a ƙasar noma a yankin Anka da Bukkuyum tun bayan annobar 2010. Ya faɗi abin da aka riga aka yi, da ƙwarewar da mai nema ta rasa, da yadda jagora zai cike ta. A ba mutum biyu su karanta, a tura kwana uku kafin rufewa, don ranar ƙarshe ce intanet ke yanke wa mutum. Wadda aka zaɓa, saboda tafiya zuwa wurin horo, ta tabbatar fasfonta yana da sauran aƙalla wata shida, ta mallaki katin rigakafin shawara, ta rubuta neman izinin tafiya ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya da wuri. Mai goyo ta tambayi masu shirin a rubuce abin da suka tanada wa jariri da mai reno kafin ta amsa ranar tafiya.

Shekara ta biyu ita ce ta fi burge mu. 'Yar shiri takan ɗauki ƙaramar malama ko ɗaliba ta ja mata gora kamar yadda aka yi mata, ta kuma je makaranta ko wani taron jama'a ta yi wa 'yan mata bayanin aikinta. Mutanen ƙasar Gwandu da Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan salo, haka Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, ta karantar da jajis, wato matan da ke jagorantar su, su kuma su shiga ƙauyuka su karantar da wasu. Yarinyar sakandare a Jega ko Talatar Mafara da ta ga mace mai hijabi irin na yayarta tana bayanin gwajin ƙasa da Hausa, tunaninta game da ajin kimiyya ya kan sauya.

Ga waɗanda fanninsu ba noma ba, akwai wasu ƙofofi, sai dai kuɗi suka fi bayarwa fiye da jagoranci. Shirin L'Oréal da UNESCO na matasan mata masana a Afirka kudu da Sahara yana ba da Yuro 10,000 ga mai digiri na uku da 15,000 ga wadda ta gama. Gidauniyar Schlumberger tana ɗaukar nauyin digiri na uku a ƙasashen waje a fannonin kimiyya da injiniyanci. Ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, mai mazauni a Trieste ta Italiya tana da lambar yabo tare da Gidauniyar Elsevier, wadda Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta sashen fiziks na Jami'ar Bayero ta samu a 2015.

Hukuncinmu: wadda take fannin noma ta nemi AWARD duk lokacin da aka buɗe, in ba ta samu ba ta gyara fom ta sake nema. Amma zuciyar shirin ba ta buƙatar jirgin Nairobi, kuma kowace tsangayar kimiyya a Kebbi da Zamfara za ta iya kwafarta a zangon karatu mai zuwa. Shugaban tsangaya ya haɗa kowace ƙaramar malama da babba daga wani sashe daban, a ware yini guda a zaunar da su su rubuta taswira mai shafi biyu, a sa zaman wata-wata cikin jadawalin aiki, a rage wa jagora wani abu daga nauyin kwamitoci don kada ya ga an ƙara masa kaya. Bayan wata shida mutum ɗaya da aka amince da shi ya tambayi kowane ɓangare a keɓe ko zaman yana gudana, wadda jagoranta bai yi mata ba a canza mata ba tare da an nemi ta kawo hujja a gaban kwamiti ba.